Kinuwa, Gumba da Tukunya: Tsokaci a Kan Yayin Cin Ɗanyen Hatsi

A ƙarshen bazarar da ta wuce na je gaishe da gwaggona a cikin garin Dutse, sai na tarar muhawara ta kaure a tsakar gida tsakaninta da 'yarta, wadda malamar makaranta ce mai goyon ɗan wata tara. Abin da ya haddasa muhawarar kuwa wata kwalba ce da aka rufe bakinta da ƙyalle aka jingine a gindin randa. A cikinta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da riɗi, kowace ta fitar da 'yar wutsiya, kuma tun daga nesa ana jin tsami-tsami yana tashi.

Ƙanwar tawa ta ce da ni: "Yaya, gara da Allah Ya kawo ka. Wannan ita ce kinuwa, daga Kano na sa aka sayo mini. An ce idan aka ci ta ɗanya bayan ta tsira, tana sauke hawan jini da suga, har mutum ya huta da shan ƙwayoyi. Shi ma yaron nan zan riƙa markaɗa masa." Gwaggo ta dube ni ta ce: "Kai da ka yi boko, ka gaya mata. Wannan ai tsiro ne. Tun ina yarinya muke yin tsiro, amma kunu muke sa wa, ban taɓa ganin wanda ya zauna ya ci shi da cokali ba."

Na yanke shawarar kawo wannan zance shafin nan ne saboda na lura ba a gidanmu kaɗai ake yin sa ba. Hotunan bidiyo na masu koyar da cin ɗanyen abinci sun cika WhatsApp da TikTok, kuma waɗanda suka fi saurarensu su ne masu ilimi, musamman ma'aikata da ɗalibai da masu fama da ciwon suga ko ƙiba. Akwai gaskiya a cikin abin da ake faɗa, akwai kuma haɗari, kuma wajibi ne a rabe tsakaninsu kafin garin neman gira a rasa ido.

Mece ce kinuwa?

Kinuwa, wadda za ka ga an rubuta quinoa a jikin ledarta, ƙwayar wata shuka ce ta tsaunukan Andis da ke Kudancin Amurka, musamman yankin tafkin Titikaka da ke tsakanin ƙasashen Feru da Bolibiya, inda aka shafe dubban shekaru ana noma ta. Duk da ana dafa ta kamar shinkafa, a wajen masana tsirrai ba ta cikin dangin gero da dawa. 'Yar'uwar alayyafo ce. Darajarta ta fito ne daga furotin ɗin da ke cikinta, wanda ya kai kimanin giram 14 a cikin kowane giram 100 na busasshiyar ƙwaya, kuma yana ɗauke da wani sinadari mai suna layisin da isasshen yawa, alhali shi ne ya yi ƙaranci a gero da dawa da masara.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2013 a matsayin shekarar kinuwa ta duniya. A tsakanin 2006 da 2013 farashinta ya ninka kusan sau uku saboda yadda Turai da Amurka suka yi mata caa, sannan ya faɗi bayan da aka faɗaɗa nomanta. Abincin da a da mazauna biranen ƙasashenta ke yi wa kallon cimar ƙauyawa, sai ga shi ya zama na masu hannu da shuni a Landan da Niyok. Daga can ne sunanta ya biyo waya ya iso mana, da tsadarta da komai. Kuɗin da ƙanwata ta biya a kan 'yar ledar da ba ta cika rabin kwano ba, da kasuwar Shuwarin ta kai shi, da ta dawo da kwanukan gero da wake.

Su kuwa masu aƙidar cin ɗanyen abinci, ginshiƙin ra'ayinsu shi ne kada zafin da zai taɓa abinci ya wuce kimanin digiri 48 a ma'aunin salsiyos. Hujjarsu ita ce wuta tana lalata bitamin, tana kuma kashe sinadaran narkar da abinci da ke cikin tsirrai, waɗanda masana ke kira enzayim. To da yake ba a iya tauna busasshen hatsi, sai suka koma ga jiƙawa da tsirarwa.

Yadda ake sarrafa ta ɗanya

Domin adalci ga mai karatu, ga yadda masu wannan tsari ke yi. Da farko ana zuba kinuwa a rariya mai ƙananan idanu a wanke ta, ana murzawa da hannu ana sauya ruwa har sai kumfa ta daina tashi. Wannan mataki ba na ganin dama ba ne, domin bayan ƙwayar yana lulluɓe da wani sinadari mai ɗaci da ake kira safonin, wanda ke kare ta daga tsuntsaye da ƙwari, kuma yana iya ɓata ciki. Daga nan a jiƙa ta a ruwa mai tsabta na 'yan awanni, a tsane ruwan sarai, a zuba a kwalba ko ƙwarya a rufe da ƙyalle mai shigar iska, a ajiye a inuwa. Ana ɗauraye ta sau biyu ko uku a yini ana tsanewa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu za ta fitar da tsiro. Sai a haɗa ta da tumatir da gurji da albasa da lemon tsami a ci nan take, ko a sa a firiji a cinye cikin kwana biyu.

Wannan aiki yana da amfanin da kimiyya ta tabbatar. A cikin kowane hatsi akwai sinadarin fayitet, wanda ke riƙe sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da na zink, ya hana hanji tsotse su yadda ya kamata. Jiƙawa da tsirarwa da barin ƙullu ya yi tsami duk suna rage shi. Haka nan gaskiya ne cewa doguwar dahuwa tana rage bitamin C da wasu daga cikin dangin bitamin B, shi ya sa ganyen da aka bari a wuta har ya yi baƙi ya yi asarar rabin albarkarsa.

Sai dai batun enzayim ɗin nan bai da ƙarfin da ake ba shi. Jikin ɗan'adam yana haɗa nasa sinadaran narkarwa a yawu da ciki da hanji, kuma mafi yawan waɗanda suka shigo tare da abinci ruwan ciki ne ke narkar da su kamar sauran furotin. Bugu da ƙari, sitacin da ke cikin hatsi sai ya sha zafi da ruwa yake kumbura ya buɗe, jiki ya iya cin moriyarsa sosai. Tumatir da karas ma sun fi sakin wasu sinadaransu idan an ɗan dafa su da mai. Wani masani na Jami'ar Harbad, Richard Wrangham, ya wallafa littafi sukutum a 2009 yana kafa hujja da cewa girki na daga cikin abubuwan da suka bai wa ɗan'adam ƙarfin jiki da na ƙwaƙwalwa. A wani bincike kuma da aka yi a Jami'ar Gisen ta Jamus aka wallafa a 1999, wanda ya duba mutane fiye da 500 da suka daɗe a kan ɗanyen abinci, an samu rama mai yawa a tsakaninsu, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya.

Inda haɗarin yake

Ɗumi da laima su ne abin da ƙwaya ke buƙata ta tsira, kuma su ne dai abin da ƙwayoyin cuta ke buƙata su hayayyafa. Idan iri ya zo da 'yar ƙazanta daga gona ko rumbu, kwana biyun da zai yi a kwalba sun ishi ƙwayoyin su ninka ninkin-ba-ninkin, kuma ɗauraya ba ta fitar da su duka. A shekarar 2011 an yi annobar wata muguwar ƙwayar cutar hanji a Jamus, wadda ta kwantar da mutane kusan 4,000, ta kashe fiye da 50, ta kuma lalata ƙodar ɗaruruwa. Da aka bi diddigi, sai aka gano tushenta ɗanyen tsiron hulba ne, hulbar nan dai da muka sani, daga wata gona da ke arewacin ƙasar. Wannan ya faru ne a ƙasar da ruwan famfo da lantarki ba sa yankewa. Saboda irin haka ne hukumomin lafiyar abinci na Amurka da Birtaniya ke gargaɗin cewa yara ƙanana da tsofaffi da masu juna biyu da masu raunin garkuwar jiki su guji ɗanyen tsiro, sai an dafa shi.

Yanzu mai karatu ya ɗauko wannan kwalba ya ajiye ta a Dutse cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, firiji ya zama kabad saboda rashin wuta, ruwan ɗauraya kuma daga jarkar 'yan ga-ruwa ya fito. A 2021 kwalara ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wanda ya ga yadda aka yi ta jigilar marasa lafiya a wannan damina ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da ruwa marar tsabta ke yi wa hanjin jariri. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Akwai kuma masu cewa tunda kinuwa ta yi tsada, sai a tsirar da namu hatsin a ci ɗanye. Nan ma sai an yi hattara. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe dabba, dalili kuwa shi ne ƙaramar shukar dawa tana ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa ya zama guba mai suna sayanayid. Wannan sinadari yana taruwa a cikin tsiron dawa da saiwarsa. Ɗanyen wake ma yana da nasa sinadaran masu murɗa ciki, waɗanda tafasa ce kaɗai ke karya su. Rogo mai ɗaci kuwa labarinsa sananne ne.

Abin da iyayenmu suka riga mu sani

Bahaushe bai jahilci ɗanyen abinci ba. Muna cin aya da dabino da goruba da kanya da ɗinya da magarya da yalo da gurji da rake ba tare da sun ga wuta ba. Dutse ma gari ne na dabino, har Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Ƙasa tana da reshen binciken dabino a nan. A fannin hatsi kuma muna da gumba, wadda ɗanyen gero ce tsantsa: a surfa, a wanke, a rege, a daka da kayan yaji, a sa zuma ko sukari. Wato abin da ake tallata mana a waya da sunan sabon ilimi yana da ɗan'uwa a turmin kowane gida daga Kiyawa zuwa Jahun.

To amma a duba matsayin da al'ada ta ajiye gumba. Abin marmari ce da sadaka, ana yin ta a cinye a ranar, ba a kwana uku ana kiwonta a kwalba, kuma babu gidan da ya mayar da ita abincin safe da rana da dare. Geron da za a rayu a kansa kuwa, dakan nan ɗaya ake yi masa, amma sai a dunƙula a jefa a tafasasshen ruwa, a kirɓa, ya zama fura, a dama da nono. Tazarar da ke tsakanin gumba da fura tukunya ce kawai, kuma iyayenmu sun san wadda ake bai wa manomi ya yini yana huɗa.

Haka abin yake ga koko. Ana jiƙa gero ya kwana, a markaɗa, a tace, a bar ƙullun ya kwanta ya yi tsami. Duk matakan rage fayitet ɗin nan da littattafai ke bayani sun cika a nan. Amma daga ƙarshe da tafasasshen ruwa ake damawa. Tsiron da gwaggo ta ambata shi ma haka ne: mai kunun zaƙi tana tsirar da hatsi, ta shanya shi ya bushe, ta daka, sannan ta zuba a kan kunun da aka riga aka dama, sai kaurinsa ya sake, zaƙi ya fito ba tare da sukari ba. Sinadarin da ke cikin tsiron ne ke yanyanka sitaci ya mayar da shi sukari. Kakanninmu ba su san sunansa ba, amma sun san aikinsa, sun kuma san cewa magani ne na kunu, ana sa shi da ɗan kaɗan.

A nan ne nake ganin wannan yayi zai iya yi mana rana idan muka juya shi ta fuskar da ta dace. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne cikin yaro ƙarami ne, kunu mai kauri ba ya haɗiyuwa gare shi, sai uwa ta tsinka shi da ruwa, yaro ya cika ciki da ruwa ya tashi da yunwa. Masana abinci a Tanzaniya da Indiya sun daɗe da nuna cewa ɗan garin busasshen tsiro, idan aka barbaɗa a kan kunu mai kauri yana da ɗumi, zai tsinka shi cikin mintuna ba tare da an ƙara ruwa ba, sai a mayar wuta ya sake tafasa a bai wa yaro. Da haka kowane cokali zai ɗauki abinci fiye da na da. Idan tsiron dawa ne, sai an murje saiwar da kan tsiron an fece bayan ya bushe. Na gero ya fi sauƙin sha'ani. Wannan ilimi ne da ya kamata ungozomomi da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su riƙa koya wa iyaye mata a ranar awo, kuma ba ya buƙatar ko ƙwaya ɗaya daga tsaunukan Andis.

Layisin ɗin da ake yi wa kinuwa kirari da shi ma, wake da gyaɗa da waken suya da nono suna cike giɓinsa idan aka haɗa su da hatsi, wake da nono ma sun fi. Dafa-dukan gero da wake, ɗanwake, fura da nono, kunun gyaɗa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, duk haɗe-haɗe ne da suka yi daidai da abin da ake koyarwa a ajin kimiyyar abinci. Mai son ƙananan ƙwayoyi masu saurin dahuwa kuma ga acca nan daga Filato da kudancin Kaduna da Bauchi, wadda Tarayyar Turai ta amince a shigar da ita kasuwanninta a 2018, wani shahararren mai girki ɗan Senigal, Pierre Thiam, kuma yake tallata ta a Amurka. Ita kanta Majalisar Ɗinkin Duniya, shekara goma bayan ta karrama kinuwa, sai ta ware 2023 ta zama shekarar gero da danginsa. Kada mu bari sai an zuba geronmu a leda mai hoto an dawo mana da shi sannan mu gane darajarsa, kamar yadda riɗinmu da zoɓonmu ke fita a buhu su dawo a kwalba.

Shawara

Ban ce kinuwa aibu ce ba. Abinci ce mai kyau, kuma wanda yake da halin saye ya saya. Amma ya wanke ta sosai, ya zuba kofi biyu na ruwa a kan kofi ɗaya, ya dafa ta kimanin minti 15. Wanda ya fi son tsiron, ya turara shi ko ya jefa a miya ya tafasa. Ba zai rasa furotin ko sinadarin ƙarfen da yake nema ba. Ɗanyen da ya kamata mu ƙara ci shi ne kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, bayan an wanke su da ruwa mai tsabta, domin a nan ne cimarmu ta yi rauni, musamman a birni inda taliyar leda da lemon kwalba suka kori kwaɗo daga faranti.

Ga masu ciwon suga da hawan jini kuma, gyaran cima wani ɓangare ne na magani, kuma likita da kansa zai ce a rage gishiri da sukari da yawan tuwo. Amma babu wata ƙwaya, ɗanya ko dafaffiya, da aka tabbatar tana maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye ɓarin jiki. Duk wanda ya ce ka ajiye maganinka saboda wani abinci, ka tambaye shi ko zai zo jinya.

Ga takwarorina malamai da ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse da sauran manyan makarantun jihar nan, aiki yana jiranmu. Gumba da ƙullun koko da tsiron kunun zaƙi sun cancanci a kai su ɗakin gwaji a auna: awa nawa na jiƙo ya fi rage fayitet a irin geron da ake nomawa a nan, kuma awa nawa ƙullu ke yi a zafin bazara kafin ya tashi daga tsami mai amfani ya koma lalacewa? Amsoshin nan, idan aka rubuta su da Hausa aka karanta a rediyo, za su amfani uwar da ke Miga ko Buji fiye da bidiyo dubu da aka ɗauka a ƙasar sanyi.

A ranar dai ba mu tashi ba sai da ƙanwata ta yarda aka zubar da abin da ke cikin kwalbar, domin ya riga ya yi yauƙi. Ragowar ledar kuma gwaggo ta wanke ta dafa, aka ci da miyar alayyafo, ta ɗanɗana ta ce ba laifi, amma ba ta kai burabusko ba. Maganin hawan jinin yana nan ana sha, yaron kuma kunun gero da gyaɗa ake dama masa, da ɗan garin tsiro a kai. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.